Liruwe Ta Riga Bature Sanin Kuza

Rannan bayan la'asar, a majalisar da muke zama kusa da Maƙerar Gandu a nan Birnin Kebbi, hira ta gangaro kan samarin da suke barin fadamar shinkafa suna tafiya ramukan zinari a ƙasar Yawuri. Wani ya ce arziki ne Allah ya buɗe, wani ya ce halaka ce. Sai wani dattijo, tsohon hedimasta wanda ya koya wa rabinmu karatun boko, ya gyara zama ya ce: "Ku bar wahal da kanku. Haƙar ma'adini aikin Nasara na. Shi yag gano kuza, shi yak kafa garuruwanta, da yat tahi kuwa sunka mutu. Mu mi munka iya ban da noma da su?" Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma ban ce uffan ba, domin ba a katse babba a gaban jama'a, balle wanda ya kama hannunka ya koya maka riƙon fensir.

Amma maganar ta bi ni har gida ta hana ni sukuni. Ba Malam kaɗai ke faɗinta ba. Na ji ta a motar Kano, na ji ta a bakin 'yan jami'a, na ma ji ta a bakin jikokin mutanen da suka sha wuyar kuzar da jikinsu. Shi ya sa na ga gara in amsa a rubuce, cikin ladabin da ya wajaba a kan ɗalibi, ko Allah ya sa Malam da masu ra'ayinsa su sake duban lamarin.

In fara ba Malam gaskiyarsa, domin yana da ita. Duk wanda ya hau tudun Jos zai ga sawun kamfanonin Turawa ko'ina ya waiga. Unguwanni irin su Rayfield da Anglo-Jos har yau da sunayen zamanin suke amsawa. Bukuru da Barikin Ladi kuza ce ta raya su. Saboda kuza aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya isa Bukuru a 1914, ya yi ta jigila har aka daina amfani da shi a 1957. Saboda ita kamfanin NESCO ya tare ruwan Kurra ya fara ba ma'adinai wutar lantarki tun wajen 1930, lokacin da manyan biranenmu na nan yamma suke kwana da fitilar aci-bal-bal. A 1939 aka haɗe kamfanoni da dama suka zama ATMN, wanda ya fi kowa girma a tudun. Injinan da suke kwashe tudu guda cikin 'yan makonni, da taswirar duwatsu, da awon ƙasa, duk da Bature suka zo. Wanda ya ga wannan da idonsa, ko ya ji daga bakin wanda ya gani, ba a ce masa ya yi ƙarya in ya ce aikin na Nasara ne.

Inda na rabu da Malam kalma ɗaya ce: "gano". Ana gano abin da babu wanda ya san da shi. Kuza kuwa tana da masu ita, suna da gari, garin yana nan har gobe.

A can ƙarshen kudancin Jihar Kano, bayan an ratsa dajin Falgore, cikin ƙaramar hukumar Doguwa, inda ƙasar Kano take haɗa kafaɗa da Kaduna da Bauchi, akwai wani gari da duwatsu suka yi wa zobe. Yau ana kiransa Riruwai. A tsofaffin takardu Liruwe ne, ko Liruwen Kano, don a bambanta shi da ƙanensa Liruwen Dalma da ke ƙasar Bauchi, wanda mutanen da suka taso daga na Kanon suka kafa a ƙarni na 19. Bakano da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa in ya je can sai ya ɗauka ya bar jiharsa: ga tsaunuka, ga rafuka masu gudu, ga sanyin da ke shiga ƙashi da hunturu. Sana'ar da aka san waɗannan garuruwa biyu da ita, tun Bature bai san hanyar Arewa ba, ita ce wanke kuza da narka ta.

Shaidar farko daga bakin Baturen ma ta fito. Hugh Clapperton ya shiga Kano a watan Janairun 1824, kafin ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da ya zo lissafa hajar da ya gani a kasuwar Kano, ya sa tozali da dalmar kuza a ciki, ya kuma ce duka biyun a ƙasar ake samun su. Shekara 79 ke nan kafin sojojin Lugard su ci Kano. A tsakiyar shekarun 1880 kuma William Wallace, jami'in kamfanin da ya zama Royal Niger Company, ya ga siraran sandunan dalma a hannun fatake a bakin Binuwai, ya shiga tambayar daga ina suke. Wannan tambaya ce ta haifi duk abin da ya biyo baya. Da aka ci Bauchi a 1902, kamfanin ya tura wani masanin duwatsu, George Nicolaus, ya bi sawun dalmar. A 1903 Henry Laws ya biyo da ma'aikata da rakiyar soja, ya sauka Tilden Fulani, daga baya ya kafa sansani a Naraguta, bakin kogin Dilimi. Abin lura a nan shi ne yadda tafiyar ta kasance: sun ga ƙarfe narkakke a kasuwa, sun tambayi fatake, fatake sun nuna hanya, hanya ta kai su rafukan da mutane suke tsugune suna wanke yashi. Mai bin sawu ba ya riga mai sawun isa.

Wata 'yar matsala ta harshe tana taimaka wa ruɗanin, gara in warware ta. Bahaushe yana kiran ƙarafa biyu da suna ɗaya. Akwai dalma mai nauyi mai duhu, wadda ake harsashi da batir da ita, mai guba. Akwai kuma fara mai sheƙi wadda take fita daga kuza, wadda ake shafa wa gwangwani don kada ya yi tsatsa, ake kuma like wayoyin rediyo da ita. Da yake "kuza" ce kalmar da ta yi tashe a zamanin kamfanoni, sai mutane suka ɗauka abin ma sabo ne. Alhali sunan Liruwen Dalma kaɗai ya isa hujja: ba a laƙaba wa gari sunan abin da bai sani ba.

Yanzu a dubi aikin kansa, domin a nan ne maganar "mi munka iya" take faɗuwa. Kuza baƙin yashi ce mai nauyi, ta ninka yashin rafi nauyi fiye da sau biyu. Ruwan sama na dubban shekaru ya gurgure ta daga jikin duwatsu ya zube ta a gindin rafuka. Wanda ya san aiki yakan duba inda ruwa ke karya kwana ya rage gudu, ya tona har ya iso tsakuwar ƙasa, ya ɗebo a ƙwarya. Sai ya shiga juya ƙwaryar cikin ruwa, a hankali, yana karkata ta, farin yashi yana fita ta baki, baƙin yana kwantawa a gindi. Wannan kashi na farko ke nan, kuma shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne raba ƙarfen da dutsensa. Dalmar kuza in ta riga ta zama ƙarfe, wutar girki ma tana narka ta, don ba ta wuce digiri 232. Amma kafin ta bar jikin kuza sai wuta ta haura digiri dubu, kuma sai an haɗa ta da gawayi, domin gawayin ne yake janye iskar da ta ɗaure ƙarfen. Mutanen Liruwe sun san wannan ba tare da ma'aunin zafi ba. Sukan gina tanderu na yumɓu, su jera gawayi da kuza hawa-hawa, majiya ƙarfi su zauna kan zugazugan fata suna hura wuta ba tsayawa, har ƙarfen ya tsattsafo ta ƙasa yana ƙyalli. Sannan su sake narka shi don ya tsarkaka.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta zubi. Sukan jera tsinkayen ciyawa cikin toka mai danshi, su danne, su zare tsinkayen, sai a bar siraran ramuka. A cikinsu ake tsiyaya narkakkiyar dalma. In ta huce sai a fito da sanduna sirara kamar tsinken tsintsiya, a ɗaure su dami-dami. Duk wanda ya taɓa fatauci zai gane hikimar: kaya ne marar wuyar ɗauka a kan jaki, mai sauƙin ƙirgawa, kuma maƙerin fari yana iya sayen tsinke biyu ko uku gwargwadon aikinsa, ya karya ya narka a 'yar kasko. Da ita ake farare cikin tasoshin tagulla, ana kuma yin kayan ado da ita. Mutanen da suka tsara hajarsu daidai da bukatar mai saye da ke tafiyar wata guda daga gare su, ba a ce musu ba su iya ba.

Wani abin kuma, ramukan kamfanonin da kansu sun tono shaidar da ta girmi kowa. A 1928 aka ci karo da wani mutum-mutumin yumɓu a ramin kuza a ƙauyen Nok. A 1943 aka kawo wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan yumɓu daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doya don korar dabbobi. Daga nan bincike ya kai ga Taruga, inda aka samu tanderun narka tama da suka haura shekara 2,000. Waɗannan mutane ba Hausawa ba ne, kuma tama suke narkawa, kada a ce na haɗa abin da bai haɗu ba. Na kawo su ne don a san cewa sarrafa dutse da wuta tsohon ilimi ne a wannan ƙasa. Tarihin Kano ma da maƙeran da suka zo neman tama a gindin Dala ya fara.

To in haka ne, ina sana'ar Liruwe ta tafi? Wannan ita ce tambayar da ya kamata a yi a majalisa, kuma amsarta ba ta da daɗi. Doka ce ta kashe ta. Tun 1902 gwamnatin Lugard ta kafa dokar ma'adinai: ba mai haƙa sai da lasisi, lasisi kuwa sai mai jari da takardu da safiyo. Da kasuwar hannun jari ta Landan ta rikice da zazzaɓin kuzar Nijeriya daga wajen 1909, kamfanoni suka yi ta kafa turaku suna shata rafuka, har da waɗanda masu tanderu suke ɗiba tun kaka da kakanni. Wanda aka raba da kuza, me zai zuba a tanderu? Ba a yi shekara 30 da zuwan Laws ba wutar Liruwe ta mutu. Daga nan har farkon shekarun 1960, lokacin da aka buɗe masana'antar narka kuza ta Makeri a Jos, ɗanyar kuza ake durawa a buhu, a sa a jirgin ƙasa, a sa a na ruwa, a kai Ingila a narka. Ƙasar da take sayar da ƙarfe ta koma sayar da yashi. Jikan mai tanderu ya koma lebura, yana ɗaukar kwano a ka, heluma yana ƙirga masa.

Ga kuma inda kuɗin yake zuwa. Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga Royal Niger Company a ranar 1 ga Janairun 1900, an yi yarjejeniya cewa kamfanin zai riƙa karɓar rabin harajin ma'adinan da aka haƙa a wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Kamfanin UAC ya gaji wannan haƙƙi, ya yi ta karɓa, sai a 1950 gwamnatin Nijeriya ta fanshe shi da fam miliyan ɗaya. Dokar da ta mallaka wa Sarkin Ingila duk ma'adinan ƙasar tana cikin dokokin da Herbert Macaulay da Nnamdi Azikiwe suka zagaya Nijeriya suna yaƙa a 1946, zagayen da Macaulay ya kamu da ciwon ajali a Kano. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kada kuma a manta da Birom da sauran mutanen tudun, waɗanda aka shiga ƙasarsu da bindiga, aka farke gonakinsu na acca, aka bar musu ɗaruruwan kududdufai da har yau suke cin yara da dabbobi.

Wani zai ce, mu mutanen Kabi ina ruwanmu da duwatsun Kano da Jos? Da ruwanmu har da tsaki. A watan Fabrairun 1942 Japan ta gama ƙwace Malaya da Singafo, Ingila ta rasa babbar rijiyar kuzarta ana tsakiyar yaƙi. Sai ta juyo kan Nijeriya. Aka kafa aikin tilas wanda talakawa suka raɗa wa suna diban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi wajen mutum 100,000 daga lardunan Arewa, har da namu na Sakkwato wanda Gwandu da Argungu da Yawuri suke ciki. Umurni yakan sauko daga Razdan zuwa sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, dagaci kuwa ya san gidan da ba shi da mai tsaya masa. Kowane rukuni yakan yi kusan wata huɗu. A 1943 aka fitar da kuzar da ba a taɓa fitar da irinta ba, sama da tan 17,000. Farashinta kuwa rayuka ne: ƙarancin abinci, bukkoki masu yoyo, sanyi da ciwon haƙarƙari, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti inda mutuwa ta yi yawa. Sai da maganar ta kai majalisar dokokin Ingila kafin a soke tsarin.

Ƙanen kakana yana cikin waɗanda aka ɗiba. Ɗan masunta ne daga wani ƙauye a bakin gulbi kusa da Argungu, bai taɓa ganin dutsen da ya fi ɗaki tsawo ba sai a tafiyar. Na riske shi da tsufa, yana da wani tari da ba ya barinsa da zarar iskar hunturu ta kaɗa. Muna yara mukan zagaye shi yana gyaran koma, mu ce, "Kaka, ba mu labarin Jos." Ba ya son labarin, amma wani lokaci yakan saki kaɗan. Ya ce da asuba ake fitar da su, ƙafa ba takalmi, ƙasa kamar an zuba ƙanƙara. Su gangara rami a jere, a cika wa kowa kwano da jar laka, su hau wata siririyar hanya mai santsi su juye, su koma, har rana ta faɗi. Ya nuna mana tsakiyar kansa inda gashi bai sake fitowa ba. Abin da ya sa na kawo shi nan wata magana ce da ya taɓa yi, wadda ban gane nauyinta ba sai da na girma. Ya ce Nasara yana tsaye can bisa bakin rami da malafa, bai taɓa nuna masa komai ba. Wanda ya koya masa bambanta kuza da baƙin yashin banza, ya koya masa juya ƙwarya, wani tsoho ne mutumin ƙasar Kano, wanda ya ce masa su a gidansu aka haife su cikin aikin.

Saura rabin maganar Malam na biyu: da Bature ya tafi garuruwan suka mutu. Gaskiya ne sun durƙushe. Amma lissafin shekarun bai bi yadda ake faɗa ba. An samu 'yanci a 1960, kuza kuwa ta ci gaba da fita da yawa har ƙarshen shekarun 1960. Kafin nan ma, a shekarun 1950, Amurka ta yi ta sayen kolombait, wani baƙin ma'adini da ake samu tare da kuza wanda a da ake zubarwa, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. A Riruwai kuwa babban aiki bayan 'yanci ya zo. Akwai wata jijiya a cikin dutsen, tsawonta ya kai kimanin kilomita 5, mai ɗauke da kuza da tutiya. A shekarun 1970, bayan an kafa Hukumar Ma'adinai ta Nijeriya a 1972, aka nutsa rami cikin dutsen don a bi wannan jijiya ta ƙarƙashin ƙasa, abin da ba a saba gani ba a harkar kuzar Nijeriya, wadda kusan dukkanta a buɗaɗɗen rami ake yi. Garin ya cika da ma'aikata. A shekarun 1980 aikin ya tsaya.

Dalilan suna da yawa, kuma sun haɗu ne lokaci guda. Kuzar da ke kusa da sama, mai arhar haƙa, an cinye ta cikin shekara 70. Wadda ta rage a tudun Jos tana can ƙarƙashin dutse mai tauri. Kuɗin man fetur ya sa naira ta yi tsada, duk abin da za a fitar waje ya daina riba, ko gyaɗa da auduga ma abin da ya same su ke nan. Masu gwangwani a duniya sun koma alminiyam da roba. Sannan a ranar 24 ga Oktoban 1985 Majalisar Kuza ta Duniya, wadda take saye tana ɓoyewa don ta riƙe farashi, ta wayi gari ba ta da kuɗi. Cikin 'yan watanni farashin tan guda ya faɗo daga sama da fam 8,000 zuwa ƙasa da fam 4,000. Wannan guguwa ba ta tambayi launin fatar kowa ba. A Cornwall ta ƙasar Ingila, inda aka yi dubban shekaru ana haƙar kuza, inda kuma da yawa daga injiniyoyin da suka zo Jos suka koyi aiki, an rufe ramin Geevor a 1990, aka rufe na ƙarshe, South Crofty, a 1998. In rufe rami shaida ce ta rashin iyawa, to, malaman ma ba su iya ba.

Ban ce ba mu da laifi ba, kuma ba zan ɓoye wa Malam wannan ba. Gwamnatocinmu sun ga mai sun juya wa dutse baya. An bar injina sun ruɓe, an bar ma'aikata sun watse da iliminsu, ba a rufe ramukan da aka gada ba. Su mutanen Cornwall sun mai da Geevor gidan tarihi, tsofaffin ma'aikata suna zagayawa da yara suna nuna musu yadda aka yi. Mu kuwa yaro zai gama sakandare a Kano bai taɓa jin cewa a jiharsa an yi garin da ke narka ƙarfe yana sayar wa ƙasashe ba. Wannan sakaci namu ne. Amma sakaci daban, rashin iyawa daban, kuma maganin kowanne daban ne.

Na taɓa zuwa Riruwai sau ɗaya, da kaka, ana cikin girbin masara. Na ga ragowar gine-ginen kamfani da ƙarafa masu tsatsa cikin ciyawa, irin abin da kowa ke ɗauka hoto ya ce gari ya mutu. Amma abin da ya tsaya mini a rai a bakin wani rafi na gan shi. Wata mata ce, ta kai shekara 50, ta tattare zani zuwa gwiwa, tana tsaye cikin ruwan da ni ko yatsa ban iya daɗewa da shi a ciki ba. Na gaishe ta, na ce, "Inna, sannu da aiki." Ta amsa ba ta ɗago ba, don idonta yana kan ƙwarya. Tana juya ta da wani irin lanƙwasa na wuyan hannu, sau uku dama, ta girgiza, ta karkata, ta ɗebo ruwa kaɗan ta sake. Cikin 'yan mintoci tulin yashi ya koma ɗan baƙin gari da bai cika cokali biyu ba. Ta kwashe shi da gefen hannu ta zuba a wani gwangwanin madara da ke ɗaure a ƙugunta. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta dube ni kamar na tambayi wa ya koya mata daka, ta ce, "A wurin uwata na gani." Abin da ta tara za ta kai wa mai sikeli, shi kuma ya haɗa ya kai Jos. Kashin farko na ilimin Liruwe yana nan a hannunta bai ɓace ba. Kashi na biyu, na wuta, wanda a cikinsa riba take, shi aka raba ta da shi tun ba a haifi uwarta ba.

Abin da ya sa na damu da wannan magana har na kasa barinta a majalisa shi ne, mu ma yanzu muna kan gaɓar da Liruwe ta taɓa tsayawa. Zinarin Yawuri ba sabo ba ne, an haƙe shi tun zamanin Turawa, yanzu kuma ya dawo da ƙarfi. Kebbi na cikin jihohi biyu da gwamnatin tarayya ta fara gwada shirinta na sayen zinarin ƙananan mahaƙa, shirin da a watan Yulin 2020 aka miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari curin zinari mai nauyin kilo 12.5 a ƙarƙashinsa. A Libata ta ƙasar Ngaski kuma ana maganar litiyam, wanda ake batirin waya da na mota da shi. Doka har yau tana nan kusan yadda Bature ya bar ta, sai dai sunan mai mallaka ya sauya: tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. In muka yarda a zuciyarmu cewa haƙa da tacewa aikin baƙo ne, za mu sa hannu a kowace takarda aka miƙo mana, mu karɓi aikin ɗaukar kwano muna godiya. In kuma muka bar samarinmu da aikin ba tare da ilimin zamani ba, ga Zamfara nan maƙwabta: a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, an riƙa niƙa dutsen zinari cikin gidaje, ƙurar dalma mai guba ta kashe yara aƙalla 400. Gemun ɗan'uwa ya riga ya kama wuta. Yaron da aka gaya wa cewa kakanninsa sun san zafin da dutse ke bukata kafin ya saki ƙarfe, shi ne zai ga ya cancanci ya je ya karanta ilimin ma'adinai, ya dawo ya tambayi mai lasisi a ina za a tace abin da aka haƙa.

Da na gama rubuta wannan, ban so Malam ya fara ganinsa a wani wuri ba. Na same shi a zaurensa da hantsi, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, na zo da wata 'yar magana kan abin da aka tattauna rannan, in an ba ni izini." Ya ce in karanta. Na karanta yana saurare, idonsa a lumshe, bai katse ni ba sai a wurin diban gwamna, inda ya ɗaga hannu ya ce shi ma an tafi da wan mahaifinsa, bai dawo ba. Da na kai ƙarshe ya yi shiru har na fara tunanin ko na yi rashin kunya. Can sai ya kira wata jikarsa ya ce ta shiga ɗakin tsohuwa ta ɗauko tasar nan da ke ƙarƙashin gado.

Tasar tagulla ce, bayanta ya yi duhu, gefenta ya lotsa wuri biyu. Ya juya ta ya fuskantar da cikinta ga hasken ƙofa. Farin da aka shafe ta da shi ya goge a tsakiya inda ludayi ya yi shekaru yana bi, amma a kewayen baki yana nan yana sheƙi. Ya sa farce ya ɗan kankara, ya duba farcen.

"Ɗana," ya ce, "wagga tasa da ita anka kai kakata ɗaki. Tun ina yaro nike cin tuwo cikinta, ban taɓa tambayar inda hwarin ga yah hito ba."

Ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya ce in riƙe in duba da kyau.